Zobe a Ƙafar Hana-Noma

Sanyin Jos ba ya sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa,
ya tarar da ni ina laluben safa.
Ruwan buta ya ciji yatsuna,
na idar da asuba haƙora na nasu tasbihin.

Kafin shayi ya tafasa baƙi sun cika tsakar gida:
baiwar Allah uku a bakin rariya,
jajaye kamar garwashin da ya ƙi mutuwa,
asisi na biye da su,
kurciya a kan waya ta kumbura gashi, wuya ya ɓace.
Na watsa musu acca.
Na rubuta: Talata, bakwai saura kwata.
Littafin nan na masu bashin shago ne a da,
yanzu kowa a cikinsa fiffike gare shi,
kuma ba wanda nake bi ko kwabo.

Na rataya madubin hangen nesa,
mai tsagaggen idon hagu,
na gangara bayan Rayfield,
inda aka haƙe kuza, aka kwashe, aka bar rami,
ruwa ya zo ya ci gado.
A nan ubana ya yi dakon ƙasa da kwano a ka
har gashin tsakiyar kansa ya ƙare.
Yau zalɓe ne mai wurin,
tsaye da ƙafa ɗaya, bai san an yi wannan ba.

Kaneng na fama da injin ban ruwa a gefen kabejinta,
ta ja igiya, ya yi tari, ya yi shiru.
"Malam, ka zo ƙirga dukiyar da ba taka ba?"
Na ce, "Ita kaɗai ce ɓarawo bai taɓa mini ba."

Kirinjijiya goma sha bakwai.
Na sake ƙirgawa, sha tara.
A ta uku suka motsa gaba ɗaya suna fito,
na rubuta: da yawa.
Zakaran ƙeƙuwa ya hango ni,
ya shelanta wa duk tafkin cewa tsohon nan ya dawo.

Can tsakanin kunya da kunya, inda laka ke sheƙi,
ga hana-noma,
ciki rawaya, jela ba ta zama,
kamar mai ƙirga kuɗi da sauri.
Na rufe idon hagu, na daidaita na dama.
Zobe ne a ƙafarsa.
Ɗan ƙarfe fari, da rubutun da ba zan iya karantawa ba.
Wani ya taɓa riƙe shi a tafin hannu,
a ƙasar da ban san sunan unguwanninta ba,
ya ji bugun zuciyarsa a yatsa,
ya buɗe hannu.

Bai fi kwalin ashana biyu nauyi ba.
Ya ƙetare teku, ya ƙetare hamada,
ba wanda ya tambaye shi takarda.

Murjanatu kuwa shekara huɗu ke nan.
Tana jinyar tsofaffin wasu
a garin da rana ke faɗuwa da la'asar.
Jiya ta aiko murya:
"Baba, sai baɗi in Allah ya so, takardar ba ta fito ba.
Kana sa rigar sanyin?"
Ina sa wa. Hannunta ya yi mini tsawo.

Na zaro waya, yatsu sun sandare,
na saita shi a hankali,
daidai nan injin Kaneng ya yarda ya tashi.
Tafkin duka ya watse sama,
zalɓe ne na ƙarshe, yana gunaguni.

Ta cusa mini kabeji ɗaya a hammata, kuɗin haƙuri.

A gida na duba hoton:
laka, ganye, da bakin tiyo.
Haka na aika mata.
Bayan isha ta amsa: "Baba, ina tsuntsun?"
Na fara rubuta cewa ya tashi,
na goge.
Na ce ta ƙara girman hoton,
ta duba lakar, wajen dama,
akwai sawu.